Sojan Ɗakin Harawa

Duk wanda ya shigo Batsari a mota sai ya ga allon nan na bakin tasha, ko yana so ko ba ya so. Ƙato ne, an kafa shi kan ƙarafa biyu. A jikinsa akwai hoton wani saurayi dogo, sanye da kaki sabo fil, hula a karkace, yana murmushi irin na wanda bai taɓa jin ƙarar bindiga ba. A bayansa gona ce kore shar. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: TASHI KA KARE GARINKA, SHIGA SOJA. Akwai irinsa a Safana, akwai ƙanana da aka manna a ƙofofin shaguna har Tsaskiya.

Ranar da aka kafa shi mutane sun taru kamar ana rabon taki. Tsofaffin da ɓarayin daji suka kora daga ƙauyukansu ba su ma kula da sojan ba, gonar suke kallo. Wasu su ce dawa ce, wasu su ce masara, kowa na tambayar a wace duniya take da har aka bar ta ta yi kai ba a kashe mai ita ba.

To, saurayin nan sunansa Tayyib, kuma bai taɓa zama soja ba ko na yini ɗaya. Mutumin Yasore ne. Ɓarayi sun kashe ubansa a gona, suka tafi da shi daji, ya dawo yana jan ƙafar hagu, ƙarar babur kaɗai ta ishe shi ya hau rawar jiki. Daga nan suka yi ƙaura zuwa Batsari, shi da uwarsa Ramlat, suka zauna a gidan hayar ƙanin ubansa, Mani, ɗan kabu-kabu. Ba su daɗe da zuwa ba, kuma Tayyib ba mai fita ba ne, don haka mu 'yan unguwa ba mu san shi sosai ba.

Wata ranar kasuwa Mani ya jawo shi ya tsare masa babur. Nan wasu 'yan kamfanin talla daga birni suka hango shi. Suka ce wai fuskar ɗan ƙasa suke nema, mai bille irin na mutanen nan, don samarinmu su kalla su ga kansu. Kafin Tayyib ya buɗe baki Mani ya amsa masa. Aka kai shi bayan mota, aka sa masa riga da hula, aka ɗauke shi daga ƙirji zuwa sama, saboda ƙafa ba ta da amfani a talla. Mai hoton ya sha fama kafin ya samo murmushin. Suna gamawa suka tuɓe rigarsu, suka ba shi lemon kwalba, suka damƙa wa Mani wani abu ya cusa a aljihu, suka kama hanya. Kumatun da ke jikin allon ma ba nasa ba ne, na'ura ta ƙara masa.

Duk da haka an sami wanda ya gane fuskar. Washegarin kafa allon, bayan sallar asuba, mai unguwa ya tare Mani a ƙofar masallaci, ya ba shi hannu biyu.

"Baban soja! Ashe haka Allah ya yi, shi ne ba ka faɗa ba?"

Mutumin nan bai taɓa amsa sallamar Mani da cikakken baki ba. Mani ya duba hagu, ya duba dama, ya ga sahu guda na kallonsa. Kalma ɗaya ce za ta warware zancen, amma ina! Sai ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ya ce ai abin Allah ba a yi masa shela, yaron ya tafi horo Zariya, a dai sa shi a addu'a.

Kafin hantsi labari ya game unguwa. Mai gidan haya, wanda kullum yake cewa su tattara su bar masa gidansa, ya turo magini ya gyara musu katanga. Zuwairatu matar Mani ta je famfo, mata suka janye jarkokinsu suka ce uwar soja ta fara ɗiba. Mani ya samo ƙaramin hoton ya manna a gaban babur, in ya zo shingen bincike sai ya nuna da yatsa ya ce ɗansa ne, a ɗaga masa hannu ya wuce. Har kwamitin tsaron unguwa aka sa shi, shi da ko kare ya yi haushi sai ya kulle ƙofa.

Matsala ɗaya ce ta rage: sojan da ke Zariya yana zaune a tsakar gida yana ɓare gyaɗa.

Zuwairatu na soya ƙuli-ƙuli ta tatsi mai, mata na shigowa saye tun safe har magariba. Mace ɗaya ta gan shi, magana ta ƙare. Saboda haka Mani ya kira shi ya yi masa bayani da murya mai taushi. Ya ce masu kai wa ɓarayi rahoto sun cika kasuwa, duk sun ga hoton, duk sun ɗauka soja ne, in ya kuskura ya leƙa waje sai dai a ɗauko gawarsa. Ya ce ya ɗan laɓe a ɗakin harawa kwana biyu, har ƙura ta lafa. Maganar masu kai rahoto gaskiya ce, kuma da ita Mani ya ɗaure sauran ƙaryar. Tayyib ya ce to ai sai a faɗa wa mutane cewa hoto ne kawai.

"Wa za ya yarda?" in ji Mani. "Kuma ni in koma masallaci in ce mi? So kake a ce baffanka maƙaryaci ne?"

Tayyib bai so a ce baffansa maƙaryaci ne ba. Ya ɗauki tabarmarsa ya shiga.

Ɗakin harawa yana can ƙuryar gida, rufin kwano, ba taga, an cika rabinsa da harawar wake. Ragon layya ma a nan yake kwana. Wannan kuwa bazara ce, lokacin da ko a inuwar darbejiya mutum yake neman inda zai sa kansa. Da safe Zuwairatu ta tura masa koko ta ja ƙofa ta sa sakata. Da azahar, in kwano ya ɗauki zafi, sai a zo a fito da ragon a ɗaure shi a inuwa, don kada ya rame kafin Sallah. Shi kuwa a maida sakata. In ya yi tari mai sayen mai ta waiga, sai Zuwairatu ta yi tsaki ta ce ragon nan ya ishe ta, mura yake yi. Wata tsohuwa har jiƙo ta kawo a ba rago.

Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama wata. Juma'a ta farko ya roƙi a bar shi ya je masallaci ko da ya rufe fuska da rawani. Mani ya ce ai Musulunci ya yi rangwame ga mai tsoron halaka, ya yi azahar ɗinsa a ɗaki, ladan ɗaya ne. Shi Mani ya saɓa sabuwar riga ya tafi sahun gaba, inda liman ya yi addu'a ta musamman ga ɗan unguwa da ke bakin daga, kowa ya shafa yana duban Mani.

Mai karatu zai ce ina uwarsa? Tana nan, a gidan, tana jin tarinsa ta cikin bango. Amma Tayyib ɗan fari ne, kuma Ramlat mutuniyar ƙauye ce ta gaske. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta shigar masa faɗa. Tun yana goyo haka aka koya mata, haka ta yi. Ko lokacin da ya dawo daga daji, bayan ɗaki ta zaga ta yi kukanta. Yanzu abin da take iya yi shi ne ta cika buta da ruwan randa ta ajiye a bakin ƙofar, kamar mantuwa ta yi.

Rana ɗaya ta kasa daurewa. Ta sami Mani yana wanke babur, ta durƙusa nesa, ta ce yaron can zai lalace, a taimaka a duba. Kafin Mani ya amsa, Zuwairatu ta saki ludayi ta tafa hannu. Ta ce yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, uwa na bakin ɗan fari tsakar rana, lallai zaman birni ya ci kunyar Yaya Ramlatu. Ta ce in matan Yasore suka ji wannan sai sun rufe fuska. Ramlat ta tashi ta koma ɗaki. Wallahi na rasa wanda ya fi ba ni haushi, mai ɗaure mutum da igiya ko mai ɗaure shi da tarbiyyarsa. Zuwairatu ba kunyar ce ta dame ta ba, layin famfo take karewa.

Shi dai Mani bakinsa bai taɓa rasa hujja ba. In Tayyib ya ce zafi, sai ya ce a daji fanka suka kunna maka? In ya ce ƙafarsa ta kumbura don rashin tafiya, sai ya ce ai hutu ne maganinta. In ya ce yana son ganin rana, sai ya ce wasu na can cikin kabari suna neman ko ɗakin harawar ba su samu ba. Kullum ƙarshen zancen ɗaya ne: don kai nake yi, ni mi zan samu? Yana faɗa yana sakace haƙori daga tsiren da mahauta suka ba baban soja.

A waje kuwa allo na ta aikinsa. Rediyo ma na ta kiɗa, wani mai muryar zaki na kiran matasan Batsari da Safana su tashi. Samari masu zaman majalisa su kalli kumatun Tayyib su ce lallai can ana cin abinci. Uwaye na zuwa wurin Zuwairatu su ji yadda aka yi ɗan gidan ya samu, ita kuma ta gyara zama ta ba da labarin wayar da ya bugo jiya, wai yana gaida kowa, wai har an ba shi bindiga mai baki biyu. Duk wannan a kunnen Tayyib, taku kaɗan daga inda yake kwance. Tun yana cizon hannu don kada ya yi magana, har ya daina jin komai. Ya daina tambayar wace rana ce. Ƙuraje suka feso masa a wuya da baya saboda ƙaiƙayin harawa. Abinci ma sai a ɗauke shi yadda aka kawo. Da ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, sai ya kwanta ya sa hanci a wurin. Manomi ne ɗan manomi, jikinsa ya san lokacin shuka ya yi.

Babbar Sallah ta matso, mutane suka fara tambaya. Ashe soja ba ya zuwa gida Sallah? Ɗan gidan wane da ke aiki can kudu ma ya zo. Mai unguwa da kansa ya ce yana so ya sa wa yaron albarka. Mani ya ga in bai fito da soja ba, rigar baban soja za ta fara yagewa. Sai ya hau babur ya tafi Safana wurin 'yan gwanjo, inda ba a san shi ba, ya ce a ba shi kaki. A wurin Mani kaki kaki ne. Ya dawo da riga irin ta masu gadin banki, da wando mai dabbare-dabbare, da takalmin da ya fi ƙafar Tayyib girma, da wata hula mai tambarin da shi kansa mai gwanjon bai san na wace ƙasa ba ne.

Ran Sallah aka fito da su biyun, rago da Tayyib. Aka yanka ɗaya, aka yi wa ɗaya wanka. Da hasken rana ya buge shi sai da ya dafa bango. Mani ya zaunar da shi kan kujera a zaure, ya ce kada ya tashi don kada a ga ƙafar, kada ya yi magana, ya dai riƙa gyaɗa kai. Aka watsa labari cewa soja ya iso da asuba.

Zo ka ga jama'a. Masu cewa ya rame, Mani ya ce horo ne, ba tuwon gida ake ci a can ba. Masu cewa ya yi fari fat, ya ce sanyin bariki ne. Masu cewa ba ya magana, ya ce an hana su, sirrin aiki ne. Wani babur ya wuce da gudu, Tayyib ya zabura har hula ta faɗi, Mani ya ce kun gani ko, kullum a shirye suke. Mu kuma, kaico, muka yi ta gyaɗa kai muna cewa Masha Allah.

Da Mani ya tsaya nan, da wataƙila ya sha. Amma daɗin abin ya ɗebe shi. Ya yanki cinya guda ya kai wa jami'an da ke shingen bakin gari, ya ce ɗan'uwansu ya zo hutu, in sun sami sarari su zo a gaisa. Su kuwa suka ga mutunci ne. Da la'asar motarsu ta tsaya a ƙofar gida, babbansu ya sauko da fara'a, ya yi sallama, ya shiga zaure yana miƙa hannu.

Hannun bai ƙarasa ba. Ya dubi riga, ya dubi wando, ya dubi hula. Ya tambayi Tayyib a wace runduna yake, Tayyib ya gyaɗa kai. Ya tambaye shi lambarsa, ya sake gyaɗa kai. Daga zauren ana jin man nama na tafasa a cikin gida. Jami'in ya ce a wannan yanki sa kaki ba wasa ba ne, don su kansu ɓarayin da shi suke shigowa gari, dole ya tafi da yaron nan a ji inda ya samo kayan. Sannan ya juya ga Mani ya ce wa ya ce masa wannan soja ne?

Ban taɓa ganin mutum ya sauya fuska da sauri irin na Mani ba. Ya zube ƙasa, ya cire hula.

"Ranka shi daɗe, mu ma yaudararmu ya yi. Tun da ya dawo daga hannun mutanen can kansa ba daidai yake ba. Shi ya ce mana an ɗauke shi, muka yarda. Yau ya dawo da kayan ga, ni ina na san kaki?"

Zuwairatu ta leƙo daga ƙofar ciki tana salati, tana cewa sun ci da shi sun sha da shi, ashe sojan gona suke kiwo. Mutanen da suka gama shafa masa albarka suka fara ja da baya. Tayyib ya dubi baffansa. Sai ya haɗa hannayensa biyu ya miƙa wa jami'in, ba wanda ya ce ya miƙa. Mutumin ya tsaya yana kallon hannayen, da ƙurajen wuyan, da ƙafar da ta kumbura har takalmin gwanjo, duk girmansa, ya matse ta. Ya tura hannayen ƙasa a hankali ya ce ba sai an ɗaure ba. Daga nan ya ɗaga murya ya ce yaron ba shi da uwa ne? In akwai wanda zai tsaya masa a gidan nan, zai iya barinsa ya kwana, a kawo shi gobe.

Zuwairatu ta yi caraf ta ce uwar na nan, amma ɗan fari ne, ba za ta yi magana ba. Ba ta rufe baki ba Ramlat ta ratsa ta gefenta, lulluɓe da mayafi, ta tsaya a bakin zaure gaban maza. Ta ji abin da jami'in ya ce, ta kuma san inda za a kwantar da ɗanta in aka bar shi. Ba ta kalle shi ba, ƙasa take kallo.

"Ku tafi da shi," ta ce. "Don girman Allah ku tafi da shi yanzu. Kada ku bar shi ya kwana gidan ga."

Aka kama shi aka hau da shi bayan mota. Da ta tashi, iskar damina ta buge shi, sai ya ɗaga fuska sama ya lumshe ido, bakinsa a buɗe. Haka suka bi da shi ta bakin tasha.

Ba a jima ba gaskiya ta fito, don ba wuya a gane mai bille ɗaya a allo da a ƙasa. Jami'an suka bincika, suka gano hoton talla ne, kakin kuma Mani ya sayo shi. Aka ce ba shi da laifi, ya tafi gida. Ya ce in dai gidan ne, a mayar da shi ɗakin da suka tsare shi ya fi. Ƙarshe wani manomi a Safana ya ɗauke shi yana taya shi aiki, yana kwana a rumfar da ba ta da ƙofa. Kamfanin talla bai san ma an yi ba, kuma allonsu na nan yana kiran samari. Mani ya ɓare hoton daga babur, ya sami sabon matsayi: bawan Allah da ɗan ɗan'uwansa ya ci amanarsa. Har yau yana cikin kwamitin tsaro, in an taɓo zancen sai ya yi ajiyar zuciya ya ce riƙon maraya sai mai haƙuri.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na yammacin Sallar. Motar na ɓacewa matan unguwa suka cika gidan, suka kewaye Ramlat suna yaba mata. Suka ce wannan ita ce 'yar asali, an tafi da ɗan farinta a gabanta, ko kallonsa ba ta yi ba, ko hawaye ba ta zubar ba, ita ce ma ta ce a tafi da shi. Suka ce 'yan matan yanzu su zo su koyi kunya. Ramlat ta saurare su har suka gama, ta yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta nemi taɓarya, ta nufi ƙuryar gida, ta yi ta dukan sakatar ɗakin harawa har ta fita daga jikin ƙofar.